Don Nibaldo Ya Kawo Paris Ɗakin Sha'ir

Duk unguwar Collico babu wanda bai san Don Nibaldo Oyarzún ya taɓa zuwa Paris ba. Ko yau da safe ka sauka garin Valdivia, inda unguwar take, in dai ka haɗu da shi a layin burodi, kafin a zo kanka ka ji labari. Abin da ba ya faɗa shi ne kwana tara kacal ya yi, shekara talatin da suka wuce, da ya bi wata ƙungiyar 'yan rawar gargajiya yana ɗaukar musu akwatuna. Huɗu daga cikin kwanakin ma a kwance ya yi su, don cikinsa ya ƙi ruwan garin. Amma tun da ya dawo bai sake rabuwa da wata 'yar baƙar hula mai kama da faifai ba, kuma ba a taɓa ajiye masa abinci ya cinye bai ce, "Ba laifi, amma a Paris..." ba.

Matarsa Ermelinda mace ce mai haƙuri. Yayarta kuwa, Doña Brunilda Hott, ko kusa. Ita ta gaji masana'antar giyar kakansu da ke bakin kogi, kuma ma'aikata kan ce in ta yi tsawa har kwalabe kan yi ƙara a cikin akwati.

Wata Lahadi suna cin abincin rana a gidanta, ana ruwa kamar kullum, Don Nibaldo ya ajiye cokali ya goge baki.

"Suruka, wannan ɗakin da kuke ajiye sha'ir da, wanda yanzu babu kowa a ciki sai gizo-gizo, na yi masa dabara."

"Za ka share shi?"

"Gidan abincin Faransa zan buɗe. Na manya, amma ba na girman kai ba. Mai kuɗi ya shigo ya ji kamar a gidansa yake, talaka ya shigo ya ji kamar ya yi kuɗi."

"Wa zai dafa?"

Ya dafa ƙirji.

Doña Brunilda ta dubi ƙanwarta. "Melinda, mijin nan naki ya taɓa dafa ko da ƙwai?"

"Ya taɓa," in ji Ermelinda a hankali. "Har yanzu tabon yana jikin rufin kicin."

"Wannan ƙwan ne ba shi da kyau," in ji Don Nibaldo. "Ki gane, suruka, mutanen garin nan sun gaji da dankali da naman alade. Kowa na jiran wanda zai buɗe masa ido. Ni na ga duniya."

"Ta tagar banɗaki ka gan ta."

Da a nan maganar ta mutu, sai dai da suka shiga wanke-wanke Ermelinda ta kama hannun yayarta. "Yaya, don girman Allah ki ba shi. Tun da ya ajiye aiki yana gida, tsaye a kaina, yana koya mini yadda ake yanka albasa. In ba ki ba shi ɗakin nan ba, wata rana ni zan yanka shi."

Sai Doña Brunilda ta yarda, da sharaɗi ɗaya. Tsakanin ɗakin sha'ir da cikin masana'anta akwai wata koriyar ƙofa. Bayanta wani ƙaton kasko yake, buɗaɗɗe, irin na zamanin kakanta, cike da baƙar giya tana nuna. Da ita za a je bikin giya na hunturu nan da mako uku, kuma shekara huɗu a jere ita ke zuwa ta ɗaya.

"Ka ga ƙofar nan?" in ji ta. "Ko inuwarka ta taɓa ta, sai na dama ka a cikin sha'ir."

"Haba suruka. Ni da giya? Mu a Paris ruwan inabi muke sha."

Kafin mako ya ƙare an kafa allo a bakin titi: Chez Nibó, za a buɗe ranar Lahadi ta sama. Mutane suka taru suna karantawa. Doña Chela mai kifi, wadda bakinta ya fi wuƙarta kaifi, ta ajiye kwandonta.

"Che Nibo? Ai 'yan Ajantina ke cewa Che. Ɗayansu ne ya zo?"

"She ake cewa, maƙwabciya, ba Che ba. Ma'anarsa gidan Nibó."

"Wane ne Nibó?"

"Ni."

"To me ya sami sauran sunanka? Ruwa ya tafi da shi?"

Wani ya tambayi kayan da za a sa ranar. Don Nibaldo ya ce ai abin a bayyane yake: na manya, amma ba na girman kai ba. Aka ce ba a gane ba. Ya yi tunani, ya ce, "Daga ƙugu zuwa sama Paris, daga ƙugu zuwa ƙasa Valdivia." Mutane suka tafi suna gyaɗa kai.

Sai maganar dodon koɗi. Ya ce gidan abincin Faransa babu dodon koɗi da tafarnuwa da man shanu ba gidan abinci ba ne. Ya shiga rediyon unguwa ya yi sanarwa cewa duk wanda ya kawo bokiti ɗaya na dodon koɗi daga lambunsa zai sha kofin giya kyauta. Bai tambayi mai giyar ba. A garin da ake ruwa wata tara a shekara kuwa, babu abin da ya fi dodon koɗi yawa sai lema. Washegari da safe tsofaffin unguwa suka yi layi tun daga ƙofar masana'anta har kusa da tashar bas, kowa da bokiti, wasu da biyu.

Doña Chela ta leƙa bokitin na gabanta. "Don Nibaldo, wannan abin da muke zuba wa gishiri a lambu, shi za ka ba magajin gari ya ci?"

"A Paris sai mai hali yake cin sa."

"Allah sarki. Ashe wahala suke sha a can."

Doña Brunilda ta fito ta ga layin, ta ji dalilin layin, ta tsaya kamar an dasa ta. Ba ta kori kowa ba, don rabin masu layin tare suka yi makaranta. Ta sa aka zuba musu giyar, tana kallon surukinta da idon da ya sa ya tuna yana da aiki a cikin kicin.

Ya taɓa jin cewa sai an bar dodon koɗi kwana uku da yunwa cikinsu ya wanke kafin a dafa. Ya juye su cikin akwatunan kwalabe goma sha biyu, ya rufe kowanne da kwali, ya jera su a bayan ɗakin.

Tsoho Eleodoro, wanda ya shekara arba'in yana dafa giyar gidan, ya tsaya yana kallo. Mutum ne da ba ya ɓarnar magana.

"Kwali," in ji shi.

"E, kwali. Sai me?"

"Suna ci."

"Malam Eleodoro, kai ka san sha'ir, ni na san dabba. Kowa ya tsaya a wurinsa."

Ranar Alhamis cukun da ya yi oda daga Santiago ya iso. Kafin azahar ma'aikata sun ɗaga duk katakon ƙasan ofis suna neman mataccen ɓera. Eleodoro ne ya bi warin har kicin, ya ɗauki ƙunshin da shebur, ya haƙa rami a bayan gida ya binne, har ya cire hula don girmamawa. Don Nibaldo ya zo ya tono abinsa yana kururuwa, ya karkaɗe ƙasar, ya ce jahilci ya yi wa ƙasar nan katutu. Karen mai gadi ya matso ya shinshina, ya juya ya fita daga harabar, bai dawo ba sai bayan kwana biyu.

Masu kai abinci kuwa, daga cikin ma'aikatan cika kwalba ya aro mutum huɗu. Ya jera su zai koya musu Faransanci. A cikinsu akwai Rosemène, wata 'yar Haiti mai shekara kamar arba'in da ke manna takarda a jikin kwalabe, wadda ba ta cika surutu ba. Ya ce kowa ya gaishe shi. Da ta yi tata gaisuwar, ya toshe kunne.

"A'a, a'a, 'yata! Ba haka ba. Ta hanci ake fitar da shi. Saurara." Ya matse hanci ya yi wani ƙara kamar agwagwa ta shaƙe.

Rosemène ta dube shi daga hula har takalmi. "To, Don Nibaldo."

Ya miƙa mata takardar jerin abincin da ya rubuta da kansa. Ta karanta, ta sake karantawa, gefen bakinta ya motsa.

"Don Nibaldo, akwai wasu kalmomi a nan..."

"Na san sun yi miki nauyi. Kada ki damu, da sannu za ki iya."

"To, Don Nibaldo."

Ranar Lahadi ya iso da sassafe cikin farar riga da doguwar hular kuku mai tsawon kamu ɗaya. Ya ɗaga kwalin akwatin farko, sai kwalin ya zo masa a hannu kamar rariya. Akwatin wayam. Na biyu wayam. Har na goma sha biyu, inda ya sami guda uku, su ma suna kan hanyar fita. A ƙasa kuwa ga sawu nan mai sheƙi, ɗaruruwa, wasu sun bi ƙafafun tebura, wasu sun hau bango, amma mafi yawa sun miƙe sak kamar 'yan makaranta, sun shige ta ƙarƙashin koriyar ƙofa. Duk mai lambu a garin ya san babu abin da dodon koɗi ke so kamar warin giya. Don Nibaldo ba shi da lambu.

Ya tsaya gaban ƙofar, ya miƙa hannu, ya tuna maganar suruka, ya janye. Sai ya ɗauko tsumma ya goge sawun tas, ya ja wata tukunyar fure ya tare ƙasan ƙofar.

Ermelinda ta shigo da tiren burodi. "Tsoho, lafiya? Ka yi fari kamar rigarka."

"Komai na tafiya daidai, tsohuwa. An ɗan yi sauyi a jerin abinci."

Ƙarfe ɗaya baƙi suka fara zuwa, kuma sun bi umarni. Maza da kwat da laƙataye a sama, takalmin roba na ruwa a ƙasa. Magajin gari ya zo da matarsa, ita da sarƙar lu'ulu'u da wandon motsa jiki. Fada Anselmo, limamin coci, ya zo. Shugaban 'yan kwana-kwana na sa-kai ya zo da mutanensa biyar, an ba su babban tebur a tsakiya. Mai rediyo ya zo da na'urarsa. Doña Chela ta zo da rigar da ta sa ranar aurenta da silifas. Eleodoro ya zo daga coci ya zauna a lungu, Doña Brunilda ta zauna kusa da shi ta harɗe hannuwa.

Don Nibaldo ya yi jawabi na minti ashirin da biyar, yana jan lokaci ko dabara za ta faɗo masa. Yana cikin bayanin yadda ya yi hira da manyan kukun Paris, matar magajin gari ta yi ihu. Wani dodon koɗi ne ya gangaro daga fitilar sama ya faɗa cikin kofinta. Aka duba, sai ga wani a jikin lemar fada, ga biyu a ƙarƙashin faranti, ga wani yana hawa takalmin shugaban 'yan kwana-kwana cikin natsuwa.

"Madalla!" in ji Don Nibaldo, ya tafa hannu. "Kun gano! Wannan shi ne sabon yayi a Paris. Baƙo ne ke kamo nasa da hannunsa, ya kawo kicin a dafa masa. Ta haka zai san sabo ne."

Abin mamaki, wasu suka yarda. Magajin gari, da ba ya so a ce shi ɗan ƙauye ne, ya durƙusa ya shiga ƙarƙashin tebur da laƙatayensa yana jan ƙasa. Ganin haka rabin ɗakin suka durƙusa.

"Ni dai a kasuwa ni ke kamo wa mutane kifi," in ji Doña Chela daga kujerarta. "Ban taɓa tura mai saye cikin kogi ba."

Matar magajin gari ta ce ita ta haƙura da dodon koɗi. Ta ɗauki takardar abinci, ta yafito Rosemène. "Ke, an ce ku can Faransanci kuke yi a makaranta. Mene ne wannan na farko?"

Rosemène ta kalli Don Nibaldo. Ya ɗaga mata hannu. "Gwada, 'yata, in kin kakare zan taimaka."

"Guba ta yau," in ji Rosemène da ƙarfi yadda kowa zai ji, "da man shanu."

Kowa ya juyo yana kallon Don Nibaldo.

"Kifi!" in ji Don Nibaldo. "Kifi ne!"

"A Faransanci kifi da harafi biyu iri ɗaya ake rubuta shi a tsakiya, Don Nibaldo. Kai ɗaya ka sa. Ɗaya guba ne."

"Na biyun fa?" in ji fada, har ya gyara tabarau.

"Kyankyaso da miyar lemo."

"Agwagwa!"

"Da ka so agwagwa. Kyankyaso ka rubuta."

"Faransancin tsibiri take yi!" Don Nibaldo ya juya ga jama'a. "Ba irin na Paris ba ne!"

"Shekara shida na koyar da shi a makarantar sakandare kafin na zo nan," in ji Rosemène. "In karanta na ukun? Ya shafi gashin kai."

Dariya ta ɓarke. Magajin gari ya ɗago daga ƙarƙashin tebur don ya ji abin da ake yi, ya buga kai. Mai rediyo ya matso da na'urarsa gaba.

Don Nibaldo ya ga wuri na neman ƙwace masa. Ya ruga kicin ya turo wani ɗan tebur mai taya, da risho a kai da kaskon suya. "Jama'a, a bar maganar rubutu! Girki a hannu yake, ba a takarda ba. Yanzu za ku ga wainar Faransa mai wuta!"

Ya zuba ƙullun, ya ɗauko kwalbar barasa mai ƙarfi. Abin da ake zubawa cokali biyu ne. Shi ya ce a Paris ba a rowa, ya tuttula rabin kwalba, ya ƙyasta ashana.

Wutar ta tashi har rufi. Ta lashe saman doguwar hularsa, ta kama tutocin takarda masu shuɗi da fari da ja da ya zagaye ɗakin da su, ta bi igiyar a guje kamar an aike ta.

'Yan kwana-kwana shida suka miƙe a tare, suka dubi juna. Motarsu na can tasha, su kuma ga su da laƙataye da cokula.

"Ruwa!" in ji shugabansu. "Ina famfo?"

"Ku bar mini!" in ji Don Nibaldo, hula na hayaƙi. Ya yi fatali da tukunyar fure, ya banka koriyar ƙofa.

Duk ɗakin ya ga abin da ke ciki. Bango, tsani, bututu, gefen ƙaton kaskon, ko'ina dodon koɗi ne manne kamar an yi ado da su. A saman baƙar giyar kuwa, cikin kumfa, ɗaruruwa ne ke yawo, sun sha sun ƙoshi sun mutu da farin ciki.

Eleodoro ya miƙe a hankali, ya cire hula.

Don Nibaldo bai tsaya kallo ba. Robobin tiyo biyu ne a rataye, siririya da kakkaura. Ya zaɓi kakkaurar, don a ganinsa babbar wuta sai babbar roba. Ya murɗa famfon, ya danna jan maɓallin inji.

"Ba wannan ba!" Eleodoro ya daka tsawa. Shekara arba'in ba a taɓa jin ya ɗaga ta ba.

Baƙar giya ta fito da ƙarfin da ya ɗaga Don Nibaldo ya juya shi. Ta sami magajin gari a ƙirji ta mayar da shi ƙarƙashin tebur. Ta wanke fada. Ta share farantai da kofuna da cukun Santiago. Tana zuwa da dodon koɗi a ciki, suna fita kamar tsakuwa daga gwafa, suna buga tagogi. Wutar dai ta mutu, wannan ba a hana shi ba. Eleodoro ya kutsa ya kashe injin, ya kama famfon zai rufe, sai ya tarar hannun famfon na hannun Don Nibaldo, ya karye shi tun murɗawar farko. Haka suka tsaya suna kallo, giyar biki tana malala ta cikin gidan abinci, ta fita ƙofa, ta gangara titi, kumfa har gwiwa. Masu takalmin roba suka gode wa Allah.

Don Nibaldo ya ajiye robar. Girarsa ta ƙone, rabin hula ya tafi. Ya gyara abin da ya rage, ya je bakin ƙofa ya tsaya yana miƙa wa masu fita hannu.

"Mun gode da zuwa. Yaya kuka ji wurin? Ranar farko dama sai da 'yan gyare-gyare."

Matar magajin gari ta wuce shi tana cire dodon koɗi daga gashinta. Shugaban 'yan kwana-kwana ya ce shekara ashirin yana aikin nan, yau ne ya fara komawa gida a buge ba tare da ya sha komai ba. Fada Anselmo ya riƙe hannunsa da hannu biyu.

"Ɗana, ni na yafe maka. Amma ka waiwaya."

Ya waiwaya. Doña Brunilda ce ke tahowa cikin kumfa, ba ta sauri. A hannunta akwai muciyar dama sha'ir, ta icce, wadda ta fi ta tsawo.

"Suruka, bari in yi miki bayani. In aka tace..."

"Melinda," in ji Doña Brunilda, ba ta ɗauke ido daga kansa ba, "kina son sa da rai?"

Ermelinda ta dubi ɗakin, ta dubi Eleodoro da ke zaune a kan tsani ya rufe fuska da hula, ta dubi mijinta.

"Yadda ya samu, Yaya."

Ba a taɓa sanin mai shekara sittin zai iya gudu haka ba. Ya bi bakin kogi cikin ruwan sama, farar riga na kaɗawa, Doña Brunilda na biye da muciya, mutanen Collico sun fito ƙofar gidajensu suna tafi, mai rediyo na gudu a gefe yana ba da labari kai tsaye. A kwanar tasha ya cimma wata bas tana tashi, ya ɗare, ƙofa ta rufe a kan gefen rigarsa. Haka aka tafi da shi.

A bikin hunturu na bana rumfar Doña Brunilda babu baƙar giya. Wata masana'anta daga ƙetaren gada ce ta zo ta ɗaya, kuma Eleodoro bai fita daga gida ba har aka watse.

Bayan kwana goma aka karanta wata sanarwa a rediyon unguwa: Shugaban kuku Nibó na sanar da masoyansa cewa ya tafi ƙetare bisa gayyata ta musamman, zai yi aiki da wani kicin na bakin teku. Mutane suka fara tambayar juna ko dai da gaske Faransa ta kira shi.

Doña Chela ce ta warware zancen a kasuwa, tana fere kifi.

"Bai yi ƙarya ba. Ƙetare ne, sai an hau jirgin ruwa minti ashirin. Jiya na je Corral sayen kifi na gan shi a bayan rumfar ɗan kawunsa, zaune a kan bokiti yana feraye dankali. Na ce, Don Nibaldo, yaushe za ka dawo? Ya leƙa hagu, ya leƙa dama, ya ce, maƙwabciya, tsakani da Allah, ta ajiye muciyar?"

"Me kika ce masa?"

"Na ce masa ta sa an yi mata sabon mariƙi."